Rumfar Zana da Rumfar Tamfol

Hadarin farkon damina a ƙasar Kano daga gabas yake tasowa, kuma kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa iska ta riga ta iso. Takan zo da jan ƙura, ta murɗe rassan darbejiya, ta yi awon gaba da duk abin da aka ɗora ba a ɗaure ba. Wanda ya bi ta Bacirawa da ƙauyukan da ke bayanta a ƙasar Ungogo washegarin irin wannan hadari zai ga rumfuna iri biyu, kowace da irin tata ɓarnar. Ga ta tamfol, ya yage tun daga kusurwa, yana reto a jikin dirka ɗaya. Ga ta zana, tana nan tsaye daram, amma tabarma da buhu da itacen girkin da aka ajiye a ƙarƙashinta duk sun jiƙe sharkaf. Mai ta farko ya yi asarar rufi, mai ta biyu ya yi asarar abin da ya rufa. Tun daga nan mutum zai fahimci cewa zaɓi tsakanin waɗannan biyun ba abu ne da za a yanke a tsaye ba.

Rumfar zana kowa ya san yadda ake kafa ta. A ɗauki dagi a haƙa ramuka huɗu ko shida, a kafa dirkoki masu gwafa, a gitta sanduna a kansu, a shimfiɗa zana ko karan dawa, a ɗaure da igiyar kaba ko ta rama. A da, babu ɗaya daga cikin waɗannan da mutum zai je kasuwa nema. Gamba tana nan a iyakar gona, ita ce ma shaidar inda gonar wani ta tsaya ta wani ta fara. Kara yana zuwa da kaka. Dirka kuwa reshe ne da aka sassabe daga bishiyar da ke cikin gonar. Lokacin da Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka fitar da bincikensu a kan ƙasar Ungogo a 1965, abin da ya ɗauki hankalin masana shi ne yadda jama'a masu yawa haka suke noma kusan kowane taƙi na ƙasa duk shekara ba tare da ta mutu ba. Jakuna su shiga birni da itace, su komo da taki. Rumfar zana 'yar wannan tsari ce: daga gona take fitowa, in ta tsufa ta shiga murhu, tokarta ta koma gona.

Yau lissafin ya sauya, musamman a Bacirawa, inda birni ya miƙo har ya cinye gonaki da dama, aka yanka su fulotai. Kara ya zama kaya mai kuɗi, domin mai kiwo yana so, mai danga yana so, mai tuyar ƙosai ma tana so. Zana kuwa sai an kawo ta daga ƙauyukan da ke nesa, an ɗora mata kuɗin mota. Saboda haka wanda ya ce a zauna a kan zana don ita ce ta talaka, bai yi cinikinta kwanan nan ba. Idan har zana za ta ci gaba da zama a tsakar gidajenmu, to sai don wani amfani da take da shi wanda babu a wurin abokin takararta.

Kuma tana da shi. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, babu inuwar da hannun mutum ya yi da ta kai ta zana sanyi. Ciyawa busasshiya ba ta saurin ɗaukar zafi, kuma ba ta miƙa shi ƙasa. Tsakanin sili da sili akwai 'yan kafofi, iskar da ta yi zafi a ƙarƙashi sai ta sulale ta sama, wata ta shigo ta gefe. Shi ya sa tsoho zai iya yin ƙailula a rumfar zana da tsakar rana, shi ya sa ma malamin makarantar allo yake zaunar da yara a ƙarƙashinta har azahar. Waɗannan kafofin dai su ne suke cetonta ranar hadari: iska tana ratsa ta ta wuce, ba ta samun inda za ta kama ta ɗaga.

Aibinta ma daga kafofin yake. Zanar da aka shimfiɗa a kwance ba ta tare ruwa, jinkirta shi kawai take yi, har ma takan ci gaba da ɗiga bayan an ɗauke. Ɗakin jinka yana tare ruwa ne saboda tsayuwar tsaikonsa da kaurin baibayarsa, rumfa kuwa ba ta da ko ɗaya. Ga gara tana hawa ta jikin dirka, ga ɓera da kunama suna samun maɓoya, ga tsoron gobara da hunturu idan murhu yana kusa. Bayan damina ɗaya ko biyu ta yi baƙi ta fara zuba, sai an sake.

Tamfol ya shigo ne ta wannan ƙofa. Ba iri ɗaya ba ne, kuma yawancin ƙorafin da ake yi a kansa daga rashin bambance su yake. Akwai shuɗin nan mara kauri, saƙar leda, mai araha. Akwai mai nauyi irin na manyan motoci, wanda duk wanda ya shiga kasuwar hatsi ta Dawanau ya ga yadda ake lulluɓe tarin buhuna da shi. Akwai tsofaffin ledojin allunan talla da ake sayarwa bayan an sauke su, akwai kuma wanda tela ya haɗa da buhunan da aka farke, wanda yake ba da inuwa amma ruwa yana bin ɗinkinsa. Ko hukumomin agaji na duniya da shi suke fara kai ɗauki: wanda Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya take rabawa, irin wanda ya cika sansanonin Borno, mita 4 ne a faɗi, 5 a tsawo. Dalilin da ya sa suka zaɓe shi shi ne dalilin da ya sa mai faci da mai shayi da mai kayan miya suka zaɓe shi. Mutum ɗaya zai naɗe shi ya ɗora a bayan babur, ya kafa da safe ya kwance da yamma. Ranar da ba a bukatar inuwa a shimfiɗa shi a sussuke gero, ko a shanya gyaɗa da masara da barkono. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin amfanin gonar da aka shanya a kan ƙasa tsirara ya fi saurin kamuwa da funfunar nan mai guba da masana aikin gona suke yawan gargaɗi a kanta. Zana ba za ta iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

To me ya sa tamfol yake yawan kunyata masu shi? A ganina amsar tana wurin sanduna. Mun sayi sabon rufi, amma mun ɗora shi a kan tsohon ƙashi. Dirkoki huɗu masu tsawo ɗaya, rufi a kwance, wannan fasalin zana ne, an yi shi ne don abin da ruwa da iska suke ratsawa. Tamfol babu abin da yake ratsa shi. Duk ruwan da ya sauka a kansa dole ya sami hanyar gangarawa, in bai samu ba ya zauna. Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, nauyinta kilo ɗaya. Tamfol mai mita 4 da 5 murabba'in mita 20 ke nan. Idan aka yi ruwan milimita 25, wanda ba baƙo ba ne a watan Agusta, lita 500 ce za ta sauka a kansa, wato jarka 20 irin ta 'yan garuwa, rabin tan na nauyi. Ba sai duka sun taru ba. Da zarar tsakiya ta ɗan lotsa, ruwa ya sami wurin zama, nauyinsa ya ƙara lotsa ta, lotsawar ta ƙara jawo ruwa, har tamfol ya yi tumbi ya jawo dirkoki ciki, ko ya fashe a kan abin da ake karewa. Shi ya sa ake ganin yaro da tsakar ruwa yana tokarar rufi da taɓarya.

Iska kuma nata ya fi muni. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take turawa da shi ninki huɗu yake yi. Tamfol da ya saki, yana faɗa yana tashi, kowace kaɗawa fizga ce a kan zoben kusurwa, har zoben ya fita da naman ledar. Idan kuma buɗaɗɗen gefen yana kallon gabas, iska ta shiga ƙarƙashi, to sama za ta yi da shi har da turakunsa.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce, kuma akwai waɗanda suka daɗe suna tunani a kanta. A Amurka, masu tafiyar ƙasa a daji, irin waɗanda suke bin doguwar hanyar duwatsun Afalashiya mai fiye da kilomita 3,500 da ta ratsa jihohi 14, da yawansu ba sa kwana a ƙasa. Gadon lilo na yadi suke ɗaurawa tsakanin bishiyoyi biyu, su ja igiya a samansa, su rataya tamfol mara nauyi ya sauko gefe biyu. Sun lura cewa idan suka bar shi haka yana matse su, yana kuma mannewa a jikin gadon idan iska ta turo. Sai suka ƙara masa sanduna ta hanya biyu. Ko dai su tokare gefe ɗaya da sandunan da suke dogarawa, ya ɗaga ya zama kamar baranda, iska ta shiga. Ko su gitta siraran sanduna masu lanƙwasa a kan ƙololuwa, su maƙala bakinsu a gefunan tamfol, ya buɗe ya yi ɗauri. Idan hadari ya taso su zare sandunan tokara, su sauke gefen ƙasa su ɗaure. Abin ɗauka a nan shi ne sandunansu ba a kafe suke wuri ɗaya ba. Fasalin rufin yana sauyawa da sauyin sama.

Amma su bishiya ce ginshiƙinsu, sanda ƙari ce. Mu namu akasin haka ne. Gonakin ƙasar Ungogo suna da bishiyoyi, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da darbejiya, sai dai a warwatse suke, ba kasafai za ka sami biyu da tazarar da za a ja igiya tsakaninsu ba. Kowace kuma tana da mai ita, kuma igiyar da aka bari tana cin ɓawon ɗorawar wani tana iya jawo magana. Gawo ma, wanda manomi ya fi so a gonarsa, da damina yake zubar da ganye, wato lokacin da mai gadin gona yake neman mafaka shi ba shi da abin bayarwa. Kuma fakewa a gindin doguwar bishiya ita kaɗai a fili lokacin tsawa ganganci ne. Don haka a nan sanda ce komai, kuma a kanta ya kamata tunani da kuɗi su fi tafiya.

Gyaran ba shi da wuya. Na farko shi ne gangare. Ko dai dirkokin gefe ɗaya su fi na ɗayan tsawo sosai, bambancin da ido zai gani daga nesa, ko a kafa dogaye biyu a tsakiya a gitta musu sanda, tamfol ya sauko gefe biyu. Gajeren gefen shi zai kasance ta gabas. Magina na da sun san wannan, shi ya sa bangon gabas ya fi shan yaɓe a gidajen ƙasa. Sandar tsakiya ta fi igiya, domin igiya komai jan da aka yi mata sai ta saki idan ta jiƙa ta ɗauki nauyi. Idan tamfol ɗin babba ne, a ƙara gora ko gwangwala biyu ko uku daga ƙololuwa zuwa gefe, don kada a bar fili mai faɗi da ruwa zai zauna. Na biyu shi ne kan sanda. Duk inda itace ya taɓa leda, nan za ta fara hujewa, saboda haka a fere shi ya yi santsi, a kifa masa gindin gorar ruwa da aka yanke, ko a ɗaura masa tsohon silifa. Na uku igiya da turke. Ƙasar nan rairayi ce, turken da ya kama tam da rani yakan zare da hannu ɗaya idan ta sha ruwa. A kafa shi a karkace, kansa yana kallon waje, nesa da dirka gwargwadon tsawonta. Inda ƙasa ta cika laushi, a ɗaure igiyar a tsakiyar guntun itace a binne shi a kwance, ko a cika buhu da yashi. Sannan a sa robar tayar babur tsakanin igiya da kusurwar tamfol. Ita za ta riƙa shanye fizgar iska maimakon zobe. In zoben ya riga ya fita, ba sai an huda sabon wuri ba: a sa dutse mai santsi a cikin ledar, a tattare ta a bayansa, a shaƙe da igiya. Wannan ɗaurin ya fi zoben kamfani riƙo.

Su kansu sandunan akwai zaɓi a cikinsu. Darbejiya, wadda asalinta ƙasar Indiya ce aka shigo da ita a zamanin Turawa, ta zama itacen rumfa na kowa, saboda tana tohowa bayan sassabe kuma gara ba ta cika gaggawar cinta ba. Turare ya fi miƙewa amma gindinsa yana saurin ruɓewa. Azarar giginya da ƙirya sun fi duka daɗewa, sai dai samunsu yanzu sai da kuɗi. Kowanne aka samu, a babbake gindin ko a shafe shi da baƙin mai kafin a binne, kuma ramin ya yi zurfi, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon dirkar. Wanda yake da hali yana iya zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayi bututun ƙarfe, mai walda ya yi masa mahaɗa irin na kanofin biki. Ƙarfe ba ruwansa da gara, ana harhaɗa shi a warware. Amma a gona ban ba da shawararsa ba, domin abin da 'yan gwangwan za su iya ɗora wa sikeli ba a barinsa inda babu ido. Ga mai kwana a gona lokacin da amfani ya nuna, dirkokin itace sun wadatar, kuma su ne za su riƙe masa gidan sauro, wanda da damina ya fi rufin kansa muhimmanci. Gadon kara a kan gwafa huɗu zai raba shi da danshin ƙasa da maciji, aikin da gadon lilo yake yi wa waɗancan matafiya.

Duk da haka, ko an kafa tamfol yadda ya kamata, akwai abu biyu da sanda ba za ta gyara ba. Na farko zafi. Leda siririya ce, rana tana dafa ta, ita kuma ta sauke zafin a kan wanda ke ƙasa, kuma babu kafar da iska za ta fita. Shuɗi da baƙi sun fi fari muni. Ɗaga rufin sama da buɗe gefuna yana ragewa, amma mai sayar da tumatir da alayyahu ya san kayansa sun fi saurin yaushi a ƙarƙashin leda, kuma kaji da tumakin da aka turke a ƙarƙashinta da bazara haki suke wuni yi. Na biyu shi ne ranar da take dafa mu tana cin shi ma. Hasken rana yana karya ƙarfin leda a hankali, mai arahar nan idan ya wuni a waje rani guda sai ya fara gari a hannu, ya tsattsage zare-zare. Wannan shi ne abin da ya fi damuna game da shi. Tsohuwar zana taki ce ko makamashi. Tsohon tamfol kuwa yana nan a kan juji, daga juji ya bi taki ya shiga gona, garma ta riƙa tono shi shekara da shekaru, akuya ta haɗiye wani. Mahauta sun san irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin dabbobi. A ƙasar da rayuwarta ta dogara ga abin da ake mayar wa gona, wannan ba ƙaramar asara ba ce, ko da ba ta bayyana a ranar ciniki.

Idan aka ce in zaɓa, ba zan ɓoye ba, zuciyata tana wurin zana, kuma ina da hujja da ta wuce sabo. Daminarmu wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara rana ce da ƙura da sanyi. Rufin da ya fi a wata bakwai ko takwas shi ya cancanci zama na dindindin a tsakar gida da ƙofar gida da wurin dabbobi. Tamfol baƙon damina ne da kaka, da kuma abokin wanda sana'arsa take yawo. Wanda ya bar shi a shimfiɗe tun daga hunturu har bazara yana ƙona kuɗinsa ne a watannin da ba ya yi masa aikin komai, sannan ya same shi ya mutu a daidai lokacin da hadarin farko ya taso.

Mafi kyawun rumfunan da ake gani a wannan yanki sun haɗa biyun ne, kuma akwai saɓani a kan wanne zai hau kan wanne. Wasu suna barin zana a inda take, su ja tamfol a samanta da damina, a kan wasu dogayen sanduna dabam, da tazarar kamu ɗaya tsakani don iska ta riƙa wucewa. Wannan ya fi sanyi, zanar ma ba ta jiƙewa, amma tamfol ɗin yana fuskantar iska da rana kai tsaye. Wasu kuma suna shimfiɗa tamfol a kan sanduna, su danne shi da zana a ɗaure. A nan rana ba ta ganin ledar, iska ba ta kaɗa ta, takan yi shekaru ba ta lalace ba. Ga rumfar da ba a motsawa, wannan na biyu na fi yarda da shi, da sharaɗi guda: gangaren ya ƙaru, sandunan gicciye su yi kusa da juna, domin jiƙaƙƙiyar zana tana da nauyi, kuma idan ruwa ya kwanta tsakaninta da leda cikin damina ɗaya za ta ruɓe.

Wanda ya zaɓi na farko kuwa, aikinsa bai ƙare ba sai ya sauke. Idan ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, aka gama shanya da sussuka, a kwance tamfol, a wanke shi, a bar shi ya bushe sarai, a like ƙananan hujoji tun ba su girma ba. A naɗe shi a jikin gora maimakon a ninke, domin a kan layin ninki yake fara karyewa, a rataye shi a cikin ɗaki inda ɓera ba zai kai ba. Dogayen sandunan ma a tuge su a jingine a kan dutse, kada a bar gindinsu a ƙasa gara ta yi rani a kansu.